Ba Ni a Cikin Hotunan

Asabar, bayan isha'i. Garki.

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yau na yi amfani da katin zaga garin nan da muka saya ni da Ladi ta ofishinmu, wanda da shi ake hawa bas, da shi ake shiga wuraren shaƙatawa. Da safe ta bugo, wai ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Na yi mata sannu, na tafi ni kaɗai, don katin na yau ne kawai.

A bas kowa da nasa. Ni jakata ce ta zauna a gefena. A bakin tafkin Jabi wata mata ta miƙo min wayarta, ta ce, "Anti, don Allah ɗauke mu." Shi ke nan na zama mai hoton kowa, har ina cewa a matso, a yi murmushi. Ba wanda ya ce in kawo tawa, ni kuma bakina ya yi nauyi. Na ɗaga waya zan ɗauki kaina, kunya ta sa na sauke.

Da na dawo na tura wa ƙanwata da ke Abaji hotunan da na ɗauka da wayata, ta nuna wa Inna. Ɗazu Inna ta kira.

"Binta, na ga ruwa, na ga dutse, na ga masallaci. Ke kina ina?"

Na ce ai ni ce mai ɗauka.

Ta ce, "Duk shekarun nan a Abuja, ba ki da mai riƙe miki waya?"

Na ce mata layin ba kyau, ba na ji. Ina jin ta sarai.