Tsirkiya Takwas Ce, Ba Huɗu Ba

Yaya Kuulei,

Gaisuwa mai yawa daga Las Vegas. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara da ruwan Hilo? Ni lafiya lau, shagon taya na tafiya, ma'aikatana yanzu shida.

Na ga jaridar da kika aiko, har da Kahanu ɗan Kawu sanye da furanni a wuya, wai masanin da ɗakin tarihi ya kira ya tantance kayan kiɗan tsofaffin hotuna. Allah Ya ƙara ɗaukaka. Ni da ban wuce sakandare ba, wa zai kira ni?

Amma abin da kakanmu Tutu ya rungume a tsohon hoton da ke jaridar ba ukulele mai tsirkiya huɗu ba ne kamar yadda Kahanu ya ce, taropaci ne, irin garayar nan mai tsirkiya takwas. Ki ɗauki tabaron Mama ki ƙirga maɗauran tsirkiyar, takwas za ki gani. Shekara bakwai ina gaban Tutu yana bugun yatsuna, yana cewa, "Kai ɗan banza, bibbiyu ake danna su!" Lokacin Kahanu yana ɗaki da littafi.

Don Allah ki je ɗakin tarihin su gyara rubutun ƙasan hoton, kuma su sa sunan wanda ya gyara.

Idan sun nemi shaida, ki ce taropacin yana hannuna, amma kada ki ce zan aiko. Bushewar garin nan ta ɗan tsaga bayansa, kaɗan dai. Tun bara ban buɗe akwatin ba. Wannan kada Kahanu ya ji.

Ki aiko min da busasshen kifi. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Palani