Kiran Shanun Baba a Kan Jita

Litinin, 3 ga Yuni
Na iso gida daga birnin Recife. Ranar Talata ta makon gobe za a yi wa Baba aikin maƙogwaro, likita ya ce da wuya muryar ta dawo. Shanunmu kuwa ba sa shiga garke sai da waƙar da yake kiransu da ita. Dole in koyi kaɗa ta a jita kafin lokacin. Tsoro nake ji.

Laraba, 5 ga Yuni
Waƙar ta ƙi kamuwa. A sautin Sol Baba yake farawa, a Sol yake sauka, to ai tsanin Sol ke nan, wato jerin sautukan da ke tashi daga Sol, irin wanda nake kaɗawa a coci. Amma kusa da ƙarshe sai ya yi ƙasa kaɗan da inda yatsana yake. Na ce masa ko ciwon ne. Ya harare ni ta ƙarƙashin hularsa ta fata.
Gwaggo Lindalva tana turara dambun masara tana dariya: "Malamar birni, har shanu za ki koya wa do-re-mi?"

Alhamis
Haushi. Ban taɓa jitar ba.

Asabar, 8 ga Yuni
Ikon Allah! Da hantsi ina yi wa yatsu motsa jiki da tsanin Do, sai na tsaya a Sol don ƙuda ya dame ni. Na ci gaba daga nan: Sol, La, Si, Do, Re, Mi, Fa, Sol. Waƙar Baba ce! Sautukan tsanin Do ne gaba ɗaya, babu baƙo ko ɗaya, gida kawai aka sauya. Ashe Fa ne wurin da yake yin ƙasa kaɗan.
Na gwada daga Re, sai ga wani abu mai sanyi irin waƙar makokin Gwaggo. Daga Mi kuma duhu-duhu. Ashe ɗakuna ne a gida guda, ni ko ina zaune a zaure tun ina yarinya.
Baba ya saurara, ya ce, "Yawwa, Dalvina. A nan waƙar take zaune." Ya rera, na bi shi. Na yi kuka.

Talata, 11 ga Yuni
An yi aikin. Yana raye. Babu murya.

Lahadi, 23 ga Yuni
Da la'asar na kaɗa jita a bakin garke. Ko kallo ban samu daga shanun ba, jita ba ta dame su ba. Baba ya nuna wuyana da yatsa. Kunya kamar in nutse, amma na buɗe baki na rera. Da na sauka kan Fa ɗin nan, tsohuwar saniyarmu ta ɗaga kai ta taho, sauran suka biyo ta. Baba ya cire hularsa ya ɗora mini.
Motar da zan bi in koma Recife ta wuce da safe. Mantuwa ce kawai na yi.