Zanenki shuɗi, Inna

Assalamu alaikum Inna, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Ni ce Hadizatou, autarki ta Montreuil.

Inna, raina a ɓace yake. Cikina ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma har yanzu Yaya Rabi ba ta aiko mini da zanenki shuɗi ba. Da aka raba kayanki a Maradi ina nan Faransa, kowa ya kwashi nasa, ni ko kallabi. In na kira sai ta ce babu mai zuwa. Mutane kullum suna sauka da kilishi, zane ɗaya ne ya yi nauyi?

Kin san me ya tayar mini da maganar? Madam Olga, tsohuwar da nake kula da ita a Paris. Kakanninta manoman Rasha ne. Ɗanta zai mai da ita Lyon, muna haɗa kaya sai ta buɗe wata adaka. Ga sarafan, doguwar riga marar hannu ta kakarta. Ga taguwar maza mai jan aiki a wuya, da ɗamara, wai namiji ba ya fita ba ɗamara, abin kunya ne. Budurwa kitso ɗaya take saki a baya, matar aure ta rufe kai ruf. Na ce Madam, ashe 'yan garinmu ne!

Sai ta ɗago wata 'yar riga duk ta koɗe. Wai su ba sa yi wa jariri sabon yadi, tsohuwar rigar uwa ko uba ake yankawa, don jikin iyaye ya fara taɓa shi. Wallahi Inna a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi ta kuka kamar wadda aka mara.

Na tuna zanen nan da kike goya ni da shi, kina soya ƙosai kina cewa, "Hadiza, bar cin bakin zanena."

Jiya na raka Madam har Lyon. A bakin ƙofa ta cusa mini 'yar rigar a jaka, ta ce aro ne, kar yaron ya zo babu ta kowa. Kar ki ji haushi Inna. Na karɓa, amma ba ƙamshinki a ciki.

Yaya Rabi na karanta shafina na intanet inda nake saka wasiƙar nan, na sani. Ki shiga mafarkinta don Allah, ni ta daina jin maganata.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa jikanki ya fara kwana a zanenki.

Taki har kullum,
Hadizatou