Sharaɗin Gida Ɗaya

Inverness, Scotland
Laraba, 4 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Nynke,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Joost da ɗan baƙon da ke cikinki. Yaya kumburin ƙafar? Allah ya sauke ki lafiya. Mu dai mun iso lami lafiya, mu da ƙaton cukun da mamanki ta ƙunso daga gida, domin a ganinta duk ƙasar da ba Friesland ba yunwa ake yi a cikinta.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Maganar a kan mamanki ce, kuma kunnenta bai tsufa ba.

Mun gode da motar hayar da kika kama mana don zuwa bikin ɗan kawunki Jelle. Da sunana kika kama, ba laifi. Da muka je karɓa, yarinyar da ke teburin ba da haya ta yi mana bayanin inshora, ta ce a dokar kamfaninsu matar mutum tana iya tuƙa motar kyauta, inshora kuma ta rufe ta, muddin gida ɗaya suke zaune. Ta ɗago kai ta ce, "Gida ɗaya kuke, ko?"

Na buɗe baki zan ce e. Amma kin san mamanki, shekara talatin tana harhaɗa magani, ba ta taɓa ƙara ƙwaya ɗaya kan abin da likita ya rubuta ba. Ta riga ni. Ta ce, "A'a. Shi yana Leeuwarden, ni ina Harlingen."

Nynke, ba sabon labari ta faɗa ba. Tun da ta tafi jinyar kakarki, aka yi rasuwa, aka share makoki, ba ta dawo ba, shekara biyu ke nan. Ba mu yi faɗa ba, ba wanda ya ambaci rabuwa. Kowace Lahadi ina hawa jirgin ƙasa in je, mu ci kifi, in dawo da dare. Ni a raina aron ta na ba wa Harlingen. Sai da na ji ta faɗa wa baƙuwa da Turanci, a gaban layin mutane, sannan na gane ba aro ba ne.

Yarinyar ta ce ba matsala, a biya fam goma sha biyu kowace rana a rubuta ta a matsayin ƙarin direba. Mamanki har ta fara zuge jaka. Sai na ji wani mutum yana cewa, da muryata, "Bar shi. Ba na buƙatar ƙarin direba. Ni zan tuƙa."

Mamanki ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Farfesa, kai?"

Na ce, "Ni. Ina da lasisi."

Ta ce, "Ni ma ina da takardar koyon rawa, ka taɓa ganin na taka?" Sannan ta rufe jakarta, ta ce wa yarinyar, "Ba shi makullin. Sai dai ki gaya mini lambar wayar motar asibiti a ƙasar nan."

Lasisin gaskiya ne. Ina sabunta shi a kan kari, kamar yadda mutum ke sabunta alƙawarin da ba shi da niyyar cikawa. Amma rabona da sitiyari tun kina firamare. Duk tafiyar da muka yi a rayuwa, mamanki ke tuƙi, ni ina gefe da littafi a cinya ina ba ta labarin yaƙoƙin da aka yi a gonakin da muke wucewa. Ga shi nan ta hagu ake bi. Duk lokacin da na kai hannu zan sa giya, ƙofa nake nausa. A shataletalen farko sai da muka zaga sau uku, har wani tsoho da kare ya fara ɗaga mana hannu.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma kada ki gaya wa Joost. Tun bara nake ganin wani shuɗin buroshin haƙori a banɗakin mamanki a Harlingen. Nata ja ne. Shuɗin yana cikin ledarsa, ba a buɗe ba. Na yi ta lissafi a jirgin ƙasa, na kai ga cewa mai shi bai iso ba tukuna, amma ana sa ransa. Ina zargin maƙwabcinta Sjoerd, wanda ya yi ritaya daga tuƙin jirgin ruwa, mai gemu, mai gyara mata famfo ko bai lalace ba. Mutumin da ya iya jirgin ruwa, mota ba za ta gagare shi ba.

Gobe za mu nufi yamma. Ki yi mana addu'a, ki yi wa tumakin ƙasar nan ma.

Babanki mai ƙaunarki,
Tjeerd

*

Ƙauyen amarya, bakin teku
Juma'a, 6 ga Yuni

'Yata Nynke,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina cin abinci, kina kuma barin Joost ya yi wanke-wanke. Ban rubuta sunan ƙauyen ba saboda haruffansa sun fi gidajensa yawa. Muna raye, motar ma haka.

Da muka bar babban titi, sai hanya ta tsuke ta zama faɗin mota ɗaya. Can da can an ɗan faɗaɗa gefe, wurin rakuɓewa. In kun yi kiciɓis da wani, wanda ya fi kusa da wurin shi ke ja da baya, ɗayan ya wuce ya ɗaga masa yatsa ɗaya daga kan sitiyari, godiya ke nan. Da farko na yi sa'a, duk wanda muka haɗu da shi yana ganin fuskata sai ya yi ribas da kansa.

Mamanki kuwa ba ta taɓa zama a kujerar fasinja ba, ba ta san me ake yi da hannuwa a can ba. Tana taka birkin da babu shi, tana jan iska ta haƙori. Na ce ta ɗauki littafi ta karanta mini. Ta ce, "Wani dai a motar nan ya kamata ya riƙa kallon hanya."

Jiya da la'asar, ana yayyafi, muna hawa wani tudu, dutse a dama, rami a hagu, sai ga babbar mota shaƙe da tumaki ta ɓullo. Wurin rakuɓewa yana bayanmu, can ƙasa, bayan kwana. Direban ya tsaya, ya dube ni, ya kashe injinsa, ya ciro filas ya zuba shayi. Ban taɓa ganin haƙuri mai cin fuska irin wannan ba.

Shekara ashirin da biyar ina koya wa yara a ajin tarihi cewa ja da baya ya fi kai hari wuya, nan ne manyan janarori ke tozarta. Ban san da kaina nake ba. Na sa ribas, motar ta nufi rami. Na gyara, ta nufi dutse. Inji ya mutu.

Na ce, "Aukje, don Allah karɓi. Ba mai gani sai tumaki."

Ta ce, "Tumakin ma shaidu ne. In na taɓa sitiyarin nan wani abu ya faru, inshora ba ruwanta. A takardarsu ni ba kowa ba ce, kuma kai ka zaɓa."

Na ce, "Ni na zaɓa? Wa ya ce ba gida ɗaya muke ba?"

Ta ce, "Ƙarya na yi?"

Ta buɗe ƙofa ta fita cikin ruwa da jar rigar ruwanta. Na ɗauka tafiyarta za ta yi a ƙasa. Sai ta ƙwanƙwasa gilashina. Ta ce, "Kada ka kalli ramin. Kada ka kalli mai shayin. Ni za ka kalla a madubi. Inda na nuna, nan za ka bi." Ta koma bayan mota tana tafiya da baya, tana yi mini hannu. Haka na gangara, taku bayan taku, ba na ganin komai a duniya sai jar rigar nan da hannun mamanki. Da muka shiga wurin rakuɓewar, mai tumaki ya tada injinsa, ya wuce, ya ɗaga mini yatsa. Mamanki kuwa hularsa ya cire mata.

Ta shigo sharkaf. Ban tada motar ba. Na ce, cikin muryar da ba ta dace da malamin makaranta ba, "Aukje, yaushe za ki dawo gida?"

Ta ce, "Sai yau ka tambaya?" Ta share tabarau da gefen riga. Ta ce, "Wane gidan ma? Ɗakin ɗinkina littattafanka na Rumawa sun ci shi da yaƙi tun tuni. Teburin cin abinci yana hannun Faransawa. Tagar kicin kanta ka toshe da kabad ɗin littattafai. A Harlingen ina farkawa in ga teku, in sha kofi a tebur mai fili. Ba zan dawo ba, Tjeerd."

Na dubi gilashin gaba. Waifa tana ta kaiwa da komowa. Na ce, "To, Allah ya ba ku zaman lafiya, ke da Sjoerd."

Ta ce, "Wane Sjoerd?"

Na ce, "Mai shuɗin buroshi."

Nynke, mamanki ta yi dariya har sai da ta dafa ƙofa. Da ta samu numfashi ta ce, "Kai amma sakarai ne, da duk karatun nan naka! Naka ne. Tun bara na saya. Kowace Lahadi kana zuwa da jaka kamar mai karɓar haraji, ƙarfe takwas na yi ka miƙe ka kama jirgi. Ko sau ɗaya jirgin bai taɓa tsere maka ba. Na ce bari in ajiye a inda zai gani, ko zai tambaya." Sannan ta daina dariyar. Ta ce, "Kullum kana jiran in dawo. Bai taɓa zuwa maka a rai cewa kai ma kana da ƙafa ba?"

Bai taɓa ba, 'yata. Gaskiyar ke nan.

Ta yanka mana cuku da wuƙar aljihunta, muka ci a nan gefen hanya, sannan na ƙarasa da mu. Gobe ɗaurin aure. An ce za a yi rawa, mamanki ta ce za ta gwada takardarta.

Babanki,
Tjeerd

*

Harlingen
Asabar, 19 ga Yuli

'Yata Nynke,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Joost. Mamanki ta ce likita ya ce saura ƙiris, Allah ya kawo mana shi ko ita lafiya. Dubi saman takardar nan da kyau, nan za ki riƙa aiko da amsa.

Motar Scotland ni na mayar da ita har Inverness, ba ƙwarzane ko ɗaya, abin da ya ba yarinyar kamfanin hayar mamaki fiye da yadda ladabi ya yarda.

An yi sulhu, kuma kamar kowane sulhu, wanda ya ja da baya shi ya yi asarar ƙasa. An ba ni bango ɗaya na falo, daga ƙofa zuwa taga, ban da tagar. Rumawa sun tafi laburaren makarantarmu. Faransawa suna cikin kwalaye suna jiran ki ce kina so, kuma na san ba za ki ce ba. Gidan Leeuwarden wasu matasa ma'aurata za su shiga haya. Kada ki damu, na hana a shafe bangon da muke auna tsawonki.

Ranar Alhamis da safe na je ofishin gari aka sauya mini adireshi. Daga nan muka wuce wurin masu hayar motar kaya don kwaso abin da ya rage. Ashe su ma suna da irin waccan dokar. Mutumin ya dubi lasisina, ya dubi na mamanki, ya ce, "Gida ɗaya kuke?"

Wannan karon ma ta riga ni. Ta ce, "Gida ɗaya." Ta ɗan yi tunani, don kin san halinta, ta ƙara da cewa, "Tun ƙarfe goma na safe." Ta miƙa hannu ta karɓe makullin.

Na zauna a kujerata ta asali. Na ɗora littafi a cinya, amma har muka kai muka dawo ban buɗe shi ba. Ashe akwai shanu masu kyau a hanyar nan.

Sjoerd ya taya mu shigar da kwalaye. Mutumin kirki ne, famfon ma da gaske yake yoyo.

Gadonki na jarirai yana nan mun wanke, za mu kawo miki ranar da aka kira mu. Mamanki za ta tuƙo. In hanya ta tsuke, ni zan fita in yi mata hannu, ko da yake ta ce gara ta faɗa rami.

Shuɗin buroshin na buɗe shi. Ya yi tauri da yawa, yana sa dasashina jini, kuma ba zan sauya shi ba.

Naki har kullum,
Babanki, Tjeerd