Gwangwanin Facin Ingila

Da sunan Allah. Ni Haladu mai facin keke a bakin kasuwar Wudil nake rubuta wannan, cikin hankalina. Ƙirjina ne ya gaji. Kaina lafiya lau, duk da ƙoƙarin da ku 'ya'yana, Ya'u da Isyaku, kuke yi na juya mini shi.

Na ɗaya. Gida da gonar Kausani, malamai su raba yadda shari'a ta ce. Kada a tauye ƙanwarku Saudatu.

Na biyu. Gwangwanin facin Ingila. Wata bakwai ba ku gaisa ba saboda shi, kowa na leƙen ƙarƙashin gadona tun ban mutu ba. To ku ji, abin da ke ciki ya mutu ya riga ni. Na saye shi a Kano shekarar da aka gama yaƙin duniya, na yi ta ɓoyo ina jiran keken wani babban mutum. Zafi ya cinye robar, sholishon ya daskare kamar ƙaro. Tun bara waccan na sani, kunya ta hana ni faɗa, don na cika baki da shi a kasuwa. Wannan laifina ne. Ku zubar da shi.

Amma wanda ya zari faci ɗaya daga ciki ya liƙa wa keken Gwadabe mahauci, nasa laifin daban. Facin ya ɓalle kafin ya kai Lajawa, bawan Allah ya yi ta tura keke cikin rana har naman ya yi wari. Kowannenku ya ce ɗan'uwansa ne. Na san mai shi, kuma ba zan faɗa ba. Ku je tare ku ba Gwadabe haƙuri.

Na uku. Faci daga tsohon tub na taya ake yanka shi. A kankare, a shafa sabon sholisho, a jira ya sha iska. A jira! Isyaku, kai liƙawa kake da ɗanyensa kamar ana korarka. Ya'u, kai kuma ba ka tsoma tub a ruwa don gano huji, wai kunnenka ya isa.

Na huɗu. Famfon iska na ba Ya'u tun ina raye. Almakashi da kwanon ruwa na ba Isyaku. Da gangan na yi. Duk wanda ya bar rumfar nan, shi da ɗan'uwansa za su kwana da yunwa.

Allah ya yi muku albarka, ya shirye ku. Ku riƙe juna, ku riƙe Saudatu. Wallahi kun gajiyar da ni, amma ko sau ɗaya ban taɓa roƙon Allah ya musanya mini ku ba.

Mahaifinku Haladu,
Wudil, 1956.