Layin Dogo da Hannu Ɗaya da Rabi

Asabar, 3 ga Nuwamba

Raelene ta zo daga Adelaide da takardun gidan tsofaffi. Wai "Baba, duba kawai." Na duba, na ɗora kofin shayi a kai. 'Yar da na haifa! Tun da ɓarin jikina na hagu ya taɓu take min magana kamar jariri. Na ce ba inda za ni, aiki ne da ni: zan shimfiɗa wa ƙaramin jirgina layin dogo ya zagaye lambu.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Clarrie na kulob ɗin masu ƙananan jirage ya ce in sayi layin tagulla na kanti. "Des, tsohon banza, da wane hannun za ka yi?" Na ce da wanda zan mare ka da shi. Shekara talatin da takwas ina gyaran layin gaske tsakanin Quorn da Port Augusta, shi yana sayar da inshora.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Na samo alminiyon na tsofaffin tagogi a juji. Katakon shimfiɗa a ƙarƙashin layin kuwa daga dangar da ta faɗi. Kowane guntu tsaga biyu da zarto, a danna ƙarfen a ciki. Hannun hagun ba ya riƙo, sai in take da gwiwa.

Litinin, 3 ga Disamba

Guntu ɗari biyu da goma. Na yanke a yatsa. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 23 ga Disamba

Jirgi ya zagaya! Sau shida, ta gindin lemo, bai ko yi tuntuɓe ba. Clarrie ya tsuguna yana neman aibu har gwiwarsa ta ƙage. "Sa'a ce," in ji shi.

Alhamis, 24 ga Janairu

Zafi ya kai digiri arba'in da bakwai. Layin ya lanƙwashe kamar maciji, jirgi ya kife cikin tumatir, a gaban Raelene. Ban bar 'yar tazara a mahaɗar ƙarafan ba don ƙarfe ya samu wurin miƙewa. Ni! Abin da na koya wa mutum sama da ɗari. Na tsaya ina kallo, na kasa tuna yaushe na manta.

Ta tsuguna ta ɗauko jirgin daga cikin tumatir. Da ma faɗa ta yi.

Asabar, 26 ga Janairu

Na fito da sassafe na tarar da ita da zarto, ta riƙe shi a karkace. "To, nawa za a rage, Baba?" Na ce kaurin farce, kuma ba haka ake riƙewa ba. Mahaɗa goma sha huɗu muka yanke kafin rana ta yi zafi. Ita ke yanka, ni ina nunawa.

Ba taimako ba ne. Koya mata nake yi.

Ta ce ran Talata za ta kai ni likita ya duba kaina. Na ce sai dai Laraba.