Ragon Da Na Kai Gidanku Ranar Azumi

Alhamis, 6 ga Janairu, 1983

Zuwa ga Radomir, hasken da ke riga rana shigowa ɗakina, sanyin tafki a tsakiyar zafi, mai sunan da in aka ambata a kusa da ni sai cokali ya suɓuce daga hannuna,

Ni ce na yi. Ba Baba ba ne, ni ce.

Yau kwana goma sha takwas ina yawo da wannan magana a ƙirjina kamar na haɗiyi garwashi. Ban faɗa wa Mama ba, ban faɗa wa Kaka ba, ko limamin cocinmu da na durƙusa a gabansa kafin Kirsimeti ban iya faɗa masa ba, sai na yi ta lissafa masa ƙananan laifuffuka har ya gaji ya sa mini albarka. Ragon da na shigo da shi gidanku ranar bikin waliyyinku, Baba bai aiko da shi ba. Bai ma san an gasa shi ba. Ni na je wurin Kawu Stelios, mai dafa mana abinci, na ce masa Baba ya ce a gasa mafi girma. Ni na ari motar Mama. Ni na ɗauko shi da hannuwana biyu na hau matakalar gidanku, zuciyata tana tsalle kamar tsuntsun da aka kulle a kicin.

Ka san abin da ya sa? Wayyo Radomir, ina ma ka sani ba sai na rubuta ba! Saboda ina son ka. To, na rubuta, ga shi nan a takarda, ba zan goge ba. Ina son ka tun shekarar da ka fara zuwa ɗaukar mahaifiyarka, Inna Zorka, in ta tashi aiki a gidan abincinmu. Kana zama a kujerar ƙarshe ta kusa da taga, ka buɗe littafin lissafi, ka ƙi yarda a ba ka ko kofin ruwan lemo kyauta. Ni kuwa ina bayan teburin karɓar kuɗi da littafin soyayyata, ina juya shafi ba tare da na ga ko kalma ɗaya ba. Ranar da ka ɗago kai ka ce, “Fotini, wannan ma ƙarshensa aure ne, ko a wannan karon an bar su sun huta?” sai da na shiga ɗakin ajiyar albasa na tsaya har fuskata ta daina zafi. Ban taɓa iya ba ka amsa ba. Duk amsoshina suna zuwa ne bayan ka tafi, masu daɗi, masu ban dariya, sai in faɗa wa bango.

Ka tuna Ista da ta wuce, bikin tashin Almasihu? Rana ɗaya ce a shekara da cocinku da cocinmu ba sa gardamar kwanan wata. Ka zo bayan gidan abinci da ƙwai a aljihu, naka mai launin ɓawon albasa da zanen ganye a jikinsa, nawa ja wur irin na Kaka. Ka ce, “Kawo naki mu gani, ƙwan masu kuɗi ai ba ya da ƙwari.” Muka gwara, nawa ya fashe nan take. Ka yi dariya har haƙoranka suka fito, sannan ka kama hannuna ka sa naka a ciki ka rufe yatsuna a kansa. Daƙiƙa nawa ce? Uku? Huɗu? Ni dai na rayu shekara guda a cikinsu. Iska tana tasowa daga tafki, hayaƙin masana'antar ƙarfe yana tashi a bayanka, lokacin tanderun babanka bai mutu ba tukuna, kai kuma kana tsaye kamar itacen da ba ruwansa da guguwa.

Shi ya sa da ka tare ni a barandar makaranta ka ce in zo slava, bikin waliyyin gidanku, na ji kamar an buɗe mini ƙofar sama. Ka ce, “Mu ba ma gayyatar mutum sau biyu. In kin zo sau ɗaya, kin zama 'yar gida har abada.” Har abada! Ka san abin da wannan kalma ke yi wa yarinya irina? Kwana shida ban iya cin abincin kirki ba. Ina ta tunanin me zan kai, me zan kai wanda zai sa babanka, Baba Stanko, ya dube ni ya ce wannan yarinya ta san girman mutane. Na san wata biyar ke nan da aka sallame shi daga masana'antar ƙarfe. Na ga yadda Inna Zorka ke naɗe guntun burodin da ya rage ta sa a jaka in ta ɗauka ba mai kallo. Sai na ce a raina, a gidanmu biki rago ne, suna rago ne, aure rago ne, to bari in kai musu abin da ya fi komai daraja a wurinmu.

Na san ana azumin kafin Kirsimeti, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma a gidanmu Kaka ce kaɗai ke riƙe shi, Baba kullum cewa yake mai gidan abinci ba ya azumi, Allah ya san dole ya ɗanɗana miya. Namu bikin Waliyyi Nikola, wannan waliyyin naku, ya wuce da kwana goma sha uku, mun ci nama, ba wanda ya ɗaga gira. Na ɗauka ranar biki tana ɗage azumi. Ban tambayi kowa ba, don in na tambaya za a ce me ya haɗa ni da gidanku, fuskata kuma za ta tona mini asiri.

Har yanzu ina ganin ɗakin nan in na rufe ido. Doguwar kyandir tana ci a gaban hoton waliyyi. Burodin da limaminku ya yanka ya zuba wa ruwan inabi yana tsakiyar tebur. Kifi, wake, kabejin da aka naɗe da shinkafa, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Babanka yana tsaye da farar riga yana zuba wa baƙi abin sha, don mai gida ba ya zama a ranar. Ga tsofaffin abokan aikinsa sun cika kujeru, duk waɗanda aka sallama tare da shi. Sai ga ni, 'yar Lefteris mai gidajen abinci biyu, na ajiye doguwar farar mota a ƙofarku, na shigo da rago yana ɗigar mai, warin tafarnuwa ya cika ɗakin kafin in ce sannunku.

Shirun nan, Radomir! Da a ce an mare ni da ya fi mini sauƙi. Inna Zorka ta tsaya da ƙaramin kwanon dafaffiyar alkamar da ake tarbar baƙo da ita, cokali a hannu, ta rasa ko ta miƙo mini ko ta fasa. Babanka ya dubi ragon, ya dube ni, ya tambaya a hankali wa ya aiko. A nan ne na yi abin da ya fi kawo ragon muni. Tsoro ya kama ni, harshena ya riga hankalina, na ce, “Baba ne ya ce in kawo.” Ya gyaɗa kai ya ce, “'Yata, ki koma ki gaida babanki. Ki ce masa tanderu aka rufe mana, ba a rufe mana coci ba, kuma ba mu fara bara ba tukuna.” Wani tsoho a kusurwa ya ce, “Girkawa ke nan, ko aljanna suka shiga sai sun tambayi wa ke da kicin.” Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Kai ne ka karɓi tiren ka mayar mini cikin mota, ka rufe ƙofar a hankali, ba ka kalle ni ba. Da ka zage ni mana! Me ya sa ba ka zage ni ba?

Washegari Inna Zorka ta zo ta ninke rigar aikinta ta ajiye a kan teburin karɓar kuɗi, bayan shekara tara. Baba ya bi ta har bakin titi yana cewa, “Zorka, me na yi miki? Wa zai murza mini ɓawon fanke kamar ke?” Ba ta juyo ba. Tun ranar yake yawo a gida yana huci, yana cewa mutanenku, Sabiyawa, girman kai zai kashe su da yunwa. Goggo Despina kuwa ta samu abin yi, kullum sai ta ce, “Ai na faɗa muku, kakanninsu da namu jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar nan, namu suka fita daga wutar ƙarfe suka tura baro suna sayar da lemo, nasu suka zauna suna jiran ƙarar ƙararrawar masana'anta. Yanzu ƙararrawa ta yi shiru, sai fushi.” Ni ina zaune a tebur ina ji, ina tauna abinci kamar ina tauna toka. Ina so in ce mata ƙarfen da babanka ya narkar shi ne a jikin motar da take taƙama da ita. Ina so in ce shekara ashirin abokan babanka ne ke cika mana kujeru da asuba, da kuɗin ƙwai da kofin da suke saya aka gina gidanmu na sabuwar unguwa mai ciyawa a ƙofa. Amma sai na ci gaba da taunata. Ni ce fa, Fotini mai shiru, yarinyar kirki, wadda ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba!

Jiya ƙanwarka Danica ta tsaya a gabana a makaranta ta ce, “Sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha, gimbiya. Yayana ya bar makaranta, ranar Asabar zai bi ɗan kawunmu Texas aikin gini.” Wata biyar ya rage ka gama! Kai da malamin lissafi ke cewa kai kaɗai ne kake sa shi ya koma ya duba littafi. Za ka je ka ɗauki bulo a garin da ba ka san kowa ba, saboda aikin mahaifiyarka shi ne abin da ya rage a gidanku, ni kuma na ture shi da kalma shida.

Me zan yi da wannan gari in ba ka cikinsa? Tafkin ya daskare, ni ma haka. Tukunyar ɗoɗɗoyar Kaka da ke taga ta juya duk ganyenta wajen haske, ni wajen wa zan juya? A littattafaina, in an kai nan sai wani kawu mai dukiya ya mutu, ko wata wasiƙa ta ɓullo daga tsohon akwati, kowa ya yi kuka a rungume juna. Na duba ko'ina, Radomir, ba kawu, ba akwati. Ni ce kaɗai, da wannan takarda.

Ba na roƙon ka so ni. Wace ni? Wadda ta tsaya a gaban kyandir ɗin waliyyinku ta yi ƙarya ba ta da bakin roƙon wannan. Abin da nake roƙo, don girman Allah, don darajar Uwar Almasihu da ku da mu muke sumbatar hotonta, ka faɗa wa babanka cewa babana bai taɓa yi masa dariya ba. Ka faɗa wa Inna Zorka ba wanda ya saka rigarta, tana nan a rataye, Baba ya hana a taɓa. In ta dawo, ba sai ka tafi ba. Ka zauna ka gama karatunka, ko da ba za ka ƙara duban inda nake ba. Zan koma ɗakin albasa duk lokacin da ka shigo. Zan iya jure ganin bayanka kullum, abin da ba zan iya jurewa ba shi ne kujerar nan ta kusa da taga babu kowa a kanta, kuma na san ni na kore ka.

In kuma ka karanta ka tafi duk da haka, to ka tafi da sanin cewa akwai wadda ke kunna maka kyandir kowace Lahadi a cocin Girkawa, tana faɗin sunanka a hankali don kada Goggo ta ji. Ko sun kawo mini 'ya'yan masu gidajen abinci na duk faɗin jiharmu ta Indiyana sun jera a falo, ba zan ɗaga ido ba. Ƙanƙara za ta narke ta sake zuba, gashina ya yi fari kamar na Kaka, zuciyar nan tana inda ka bar ta.

Taka, ko ka yafe ko ba ka yafe ba, har ranar da za a rufe mini ido,

Fotini

Na so in sa ta a akwatin gidan waya, sai na lissafa ba za ta iso ba sai Litinin, kai kuma kana hanya. Na so in ba Danica, na san za ta yaga ta a gabana, kuma da gaskiyarta. Saboda haka na sa takalmina. Zan kawo da kaina yanzu, tun rana ba ta faɗi ba, kafin tsoro ya gane na fita. Daga gidanku zan wuce wurin Baba in faɗa masa da bakina.

In kai ka buɗe ƙofa, kada ka ce komai, ka karɓa kawai. In kuwa Baba Stanko ne ya buɗe, ba zan tambayi inda kake ba. Shi zan miƙa wa. Ya karanta duka, har da maganar ɗakin albasa, ina tsaye a gabansa.